Mai Taimako a Bakin Hanya: Me Doka Ta Tanadar Masa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko wadda ta tashi daga Malumfashi ta bi ta Dayi ta nufi Gwarzo, musamman da kaka lokacin da manyan motoci ke jigilar masara da auduga, ya san yadda ake yi idan haɗari ya auku. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru. Wasu na salati, wasu na kiran sunan Yesu, samari kuwa sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Amma da zarar an ce, "Wa zai sa wannan bawan Allah a motarsa a kai shi asibiti?" sai ka ga kowa ya soma duban ƙasa. In kuwa aka ce raunin na harbin bindiga ne, to, nan da nan taron zai fara raguwa.

Baƙon da bai san mutanenmu ba zai ce rashin tausayi ne. Alhali kuwa waɗannan mutanen su ne ke fita gayya su nome gonar gwauruwa, su ne kuma ke kwana gidan makoki ba tare da an roƙe su ba. Abin da ya ɗaure musu hannu tsoro ne, tsoron nan kuwa yana da dalili. Da wuya ka shiga ƙauye ba ka ji labarin wani da ya ɗauki mai rauni da zuciya ɗaya, ya ƙare a bayan kanta ba. Wani an riƙe masa babur mako guda. Wani an ce sai ya biya kuɗin kati da na jini tun da shi ya kawo mutumin. Wani kuma dangin mamacin ne suka juya suka ce ai shi ya buge ɗan'uwansu, in ba haka ba me ya kai shi ɗauka? Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da nake so mai karatu ya sani shi ne, tun shekarar 2017 dokar ƙasar nan ta tsaya a bayan mai taimako, ta kuma ɗora laifi a kan wanda ya tsaya kallo. Dokar ta canza, tsoron ne bai canza ba, domin mafi yawanmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Bari mu bi maganar daga tushe.

Inda tsoron ya samo asali

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, bindigogi suka bazu a ƙasa, fashi da makami ya yi yawa, gwamnatocin soja kuma suka riƙa kafa dokoki masu tsanani. A 1984, zamanin mulkin soja na marigayi Janar Muhammadu Buhari, aka kafa doka ta 5 a kan fashi da makami, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya. Sashe na 4 na wannan doka ya ce duk mutum, ko asibiti, ko ɗakin shan magani da ya karɓi wanda ake zaton yana da raunin harsashi, ko ya yi masa magani, wajibi ne ya sanar da 'yan sanda nan take. Mutumin da ya ƙi sanarwa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Asibiti kuwa za a ci shi tarar naira dubu 10, a kuma rufe shi.

Niyyar dokar ba ɓoyayya ba ce. Ana so ne ɗan fashin da aka harba ya rasa inda zai je a cire masa harsashi a asirce. Amma mu lura da kyau, dokar ba ta ce kada a yi magani ba. Cewa ta yi a yi, a kuma sanar. Sai dai tsoron ɗauri da rufe asibiti ya sa ma'aikatan lafiya da yawa suka juya maganar. Maimakon a tsayar da jini tukuna a aika wa 'yan sanda, sai aka koma cewa, "A je a kawo takardar 'yan sanda tukuna." Sannu a hankali al'adar ta wuce kan harbi, ta kai ga wanda aka soka da wuƙa, har da wanda mota ta buge. Shi kuma wanda ya kawo mai raunin, in ya tafi neman takardar, sau da yawa shi ne mutum na farko da za a fara tuhuma.

Likitoci sun nuna cewa idan babbar jijiyar jini ta yanke, mutum na iya rasa ransa cikin 'yan mintoci kaɗan. To, ina lokacin zuwa caji ofis a jira a rubuta takarda? Ran Lahadi 20 ga Satumba 2009, wasu 'yan bindiga suka harbi Bayo Ohu a gidansa da ke Legas. Shi ɗan jarida ne, mataimakin editan labarai na jaridar Guardian, wanda ya taɓa zama wakilinta a nan Jihar Katsina. Jaridu sun ba da labari cewa maƙwabta sun ruga da shi wani asibiti na kusa, aka ce sai da takardar 'yan sanda, kafin a kai shi babban asibiti rai ya yi halinsa. Mutuwarsa da ta wasu irinsa ta sa aka daɗe ana kuka a jaridu da majalisa cewa a gyara wannan al'amari.

Abin da hukunci ɗaya ke koya wa gari

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma abin da ya faru a ƙasar Sin ya isa ishara. A watan Nuwamba 2006, a birnin Nanjing, wata tsohuwa ta faɗi a wurin tsayawar bas ta karye. Wani saurayi mai suna Peng Yu ya ɗaga ta, ya raka ta asibiti, har ya ba da ɗan kuɗi. Daga baya ta kai shi ƙara cewa shi ya ture ta. A 2007 kotu ta ce ya biya kashi 40 cikin ɗari na asarar, wato fiye da yuwan dubu 45 na kuɗin ƙasar. Hujjar da alƙali ya kafa ita ce ta girgiza mutane: wai bisa ga al'ada, mutumin da ba shi da laifi ba zai kai baƙuwa asibiti har ya biya kuɗi ba. A 2012 wani jami'in birnin ya bayyana cewa saurayin ya amsa cewa sun yi karo da tsohuwar. Ko da hakan ne, ɓarnar ta riga ta auku, domin abin da jama'a suka ɗauka daga bakin alƙali shi ne, taimako shaidar laifi ne.

Ran 13 ga Oktoba 2011, a garin Foshan, motoci biyu suka bi ta kan wata yarinya 'yar shekara 2 mai suna Wang Yue. Na'urar ɗaukar hoto da ke kan titin ta nuna mutum 18 sun wuce ta tana kwance cikin jini, ba wanda ya tsaya. Wadda ta ɗauke ta a ƙarshe wata dattijuwa ce mai tsintar bola, Chen Xianmei. Yarinyar ta rasu bayan kwana 8. Ƙasar ta yi ta muhawara shekara da shekaru, har ran 1 ga Oktoba 2017 wata doka ta fara aiki wadda ta ce duk wanda ya kai agajin gaggawa don ransa, ba za a bi shi diyya ba ko da wani lahani ya auku a cikin taimakon.

A Indiya ma haka. Wani mutum mai suna Piyush Tewari ya rasa ɗan'uwansa matashi a 2007, bayan mota ta buge shi ya yi ta zubar da jini a bakin titi jama'a na kallo. Ya kafa ƙungiya, ya kai maganar Kotun Ƙoli. Ran 30 ga Maris 2016 kotun ta tabbatar da ƙa'idojin da suka ce ba za a tilasta wa mai taimako faɗin sunansa ba, ba za a tsare shi a asibiti ba, ba kuma za a ce ya biya kuɗin magani ba. A 2019 majalisar ƙasar ta shigar da kariyar cikin dokar motoci.

Darasin a bayyane yake. Abin da alƙali ko ɗan sanda ko ma'aikacin asibiti ya yi da mai taimako guda ɗaya, wa'azi ne ga gari duka. In aka wulakanta shi yau, gobe mutum ɗari za su wuce mai rauni. Tausayi na nan a zuciyar mutane, amma yana bukatar doka ta zama masa garkuwa.

A Amurka, inda jihar Kalifoniya ta fara kafa irin wannan doka a 1959, da sauran ƙasashe masu jin Turanci, ana kiran waɗannan dokoki da sunan Basamariyen nan mai kirki na cikin Bisharar Luka sura 10. Masu karatu sun san misalin, sun kuma san wanda ya yi tambayar da ta jawo shi masanin shari'a ne. Faransa ta ma wuce nan, domin a can wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da ikon taimako ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba, ya ƙi, zai iya shan ɗaurin shekara 5. Mu kuwa tsarin shari'ar Ingila muka gāda, wanda a asalinsa bai tilasta wa kowa ceton baƙo ba.

Dokar 2017

A watan Disamba 2017, Shugaba Muhammadu Buhari, wanda a zamanin mulkinsa na soja aka kafa dokar fashi ta 1984, ya sa hannu a kan dokar tilasta jinyar waɗanda aka harba da bindiga. Ga muhimman abubuwan da ta ƙunsa, ya kamata kowane mai babur da direba da ma'aikacin lafiya ya riƙe su.

Kowane asibiti a Nijeriya, na gwamnati ko mai zaman kansa, wajibi ne ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu. Ba za a ƙi shi don ba a ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani, ya kuma sanar da dangi cikin awa 24 da gane ko wane ne. 'Yan sanda ba za su ɗauke majiyyacin don bincike ba sai babban likitan asibitin ya tabbatar ya sami ƙarfin jiki.

Sa'an nan dokar ta juyo kanmu. Ta ce kowane mutum, har da jami'an tsaro, wajibi ne ya ba wanda aka harba duk taimakon da zai iya, ya ga an kai shi asibiti mafi kusa. Ta kuma keɓe sashe guda domin mai taimako, inda ta ce a girmama shi, kada a dame shi da tambayoyin da ba su da amfani ko masu kunyatarwa. Duk mutum, ko ɗan sanda, ko asibitin da ya tsaya kallo ya ƙi yin abin da dokar ta ɗora masa har mai raunin ya mutu, hukuncinsa tarar naira dubu 500, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun.

Wato ke nan al'amarin ya juye. A da mutum na gudun ɗaukar wanda aka harba don kada ya shiga hannun hukuma. Yanzu a idon doka, wanda ya ɗauka shi ne a kan daidai, wanda ya ƙi shi ne mai amsa tambaya. A watan Oktoba 2023 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake ba da umarni cewa asibitoci su riƙa karɓar waɗanda aka harba ba tare da neman takarda ba. Sake ba da umarnin shekara shida bayan kafa dokar ya nuna cewa tsohuwar al'ada ba ta mutu ba.

Wanda mota ta buge fa, ko maciji ya sara a gona, ko mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata? Su ma doka ba ta manta da su ba. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana kowane ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da maganin gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya karya, tarar naira dubu 100, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar hukumar kiyaye haɗura ta 2007 ita ma ta sa tarar naira dubu 50 a kan asibitin da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗarin mota.

Game da kamu kuwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wanda ake nema. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka tsare a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, in babu, cikin kwana biyu. Beli kuma kyauta ne, kamar yadda su 'yan sandan da kansu ke faɗa.

Me ya sa maganar ta fi shafarmu

A shekarun baya raunin harsashi labarin birni ne. Yau ya shigo gonakinmu. Mutanen Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara, Bakori, Ƙafur da Malumfashi ba sa bukatar a ba su labari. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayu 2021 'yan bindiga suka shiga majami'ar Katolika ta Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. A watan Mayu 2022 suka ɗauke limaman Katolika biyu a Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur. Ran 19 ga Agusta 2025 suka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, suka kashe mutane masu yawa. Harsashi ba ya tambayar addini.

A irin waɗannan ranaku, wa ke fara isa wurin mai rauni? Motar asibiti ba ta kwana a ƙauye. Waya ma ba kullum take shiga ba, mun kuwa gani a watan Satumba 2021 lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, saboda tsaro. Wanda ke fara isa shi ne maƙwabci mai babur, ko direban da ya taso daga kasuwar Ɗandume, ko mai a-kori-kura da ya ɗauko tumatir daga Ɗanja. Tsakanin mai rauni da babban asibitin Funtuwa, ko na Malumfashi, ko asibitin koyarwa na Shika, babu kowa sai wannan mutumin. In ya ji tsoro, shi ke nan.

Kada kuma mu tsaya tambayar ko namu ne. Ran 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na ƙasar Barikin Ladi a Jihar Filato, wani dattijon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi, a 2022 Nijeriya ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Kamar yadda wulakanta mai taimako ke koya wa gari tsoro, haka girmama shi ke koya wa gari ƙarfin hali. Bashin alherin wannan dattijo yana wuyanmu, hanyar biyansa kuwa ita ce mu ɗauki duk wanda muka tarar kwance, ko daga masallaci ya fito ko daga majami'a.

Inda doka ta tsaya

Gaskiya ɗaya ce, dokar 2017 ta bar giɓi babba: ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin maganin ba. Wannan shi ne kukan masu asibitoci masu zaman kansu, kukan kuma yana da hujja. Ruwan ƙari, jini, zaren ɗinki da man janareta duk da kuɗi ake saye. Ƙaramin asibitin da ya karɓi mutum biyar a dare ɗaya ba wanda ya biya, gobe da me zai karɓi na shida? Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun domin maganin gaggawa. Haƙƙinmu ne mu tambayi 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi yadda wannan kaso ke isowa asibitocinmu.

A nan ne misalin Basamariyen ya yi mana tsinkaye. Bai tsaya ga ɗaure rauni da ɗora mutumin a kan dabbarsa ba, sai da ya ba mai masauki dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin cika abin da ya ragu. Taimako na gaskiya yana da tsada, ba kuwa daidai ba ne a bar wa mai babur shi kaɗai wannan tsadar bayan ya riga ya ba da mansa da lokacinsa, jini kuma ya ɓata masa riga.

Akwai wata iyaka kuma da ya wajaba a faɗe ta a fili. Tun farkon 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigan daji a matsayin 'yan ta'adda, dokar yaƙi da ta'addanci kuma tana hukunta mai ba su goyon baya. Taimakon da doka ta kare shi ne na fili: ka ɗauki mai rauni, ko wane ne shi, ka kai shi asibiti inda za a rubuta a kuma sanar da hukuma. Ba aikinka ba ne ka bincika ko mutumin kirki ne ko mugu, wannan aikin 'yan sanda da kotu ne bayan ya farfaɗo. Amma mai kemis ko ma'aikacin lafiyar da ke bin dare yana shiga daji da allurai ana biyansa, ko ya ɓoye mai raunin harsashi a ɗaki, ya fita daga inuwar wannan doka. Wanda aka tilasta wa yin haka da bakin bindiga, ya gaggauta sanar da hakimi ko dagaci da jami'an tsaro.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, in ka tarar da mai rauni, duba lafiyar wurin tukuna, kada ka zama na biyu. Sa'an nan ka sami ƙyalle mai tsabta ka danne inda jini ke fita da ƙarfi, kada ka ɗaga. Kada a zare wuƙa ko ƙarfen da ya shiga jiki. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki a kan rauni, kada kuma a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya, a ɗauke shi a miƙe a kan allo ko ƙofa, kada a naɗe shi a kan babur. In waya na shiga, a kira 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗura.

Na biyu, kada ka tafi kai kaɗai in da hali. Ka ɗauki mutum ɗaya ya zama shaida, ka sa a gaya wa mai unguwa ko dattijon ikilisiya inda ka nufa. Kuɗi ko wayar mai raunin, a ƙirga a gaban shaida a miƙa wa ma'aikatan asibiti. In aka ce sai da takardar 'yan sanda, kada ka yi faɗa. Ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, dokar 2017 ta ce a fara magani, asibiti ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu," ka kuma nemi ganin babban likita. In 'yan sanda suka nemi bayaninka, ka bayar, domin yin hakan taimako ne ga gaskiya. Amma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. In aka tsare ka ba bisa ƙa'ida ba, danginka su nemi hukumar ba da agajin lauya kyauta ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ikilisiya za ta iya buɗe ɗan asusun gaggawa. In kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta masara ko waken soya da kaka, aka sayar aka ajiye a hannun ma'aji da dattawa biyu, an sami kuɗin mai, da na kati, da ledar jini ta farko. A rubuta a littafi cewa asusun na duk wanda aka tsinta ne, ba na 'yan ikilisiya kaɗai ba. Matasa masu ƙoshin lafiya su je a gwada rukunin jininsu, a ajiye sunayensu wurin sakatare. 'Yan birged da zumuntar mata su gayyaci ƙungiyar Red Cross ta koya musu taimakon farko, su kuma haɗa kai da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala, waɗanda suka daɗe a wannan aiki.

Na huɗu, shugabannin CAN na ƙananan hukumomi, tare da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu babura, su ziyarci DPO da shugaban asibiti tun ba a shiga matsala ba. A zauna a karanta dokar tare, a amince da lambar wayar da za a kira in an tsare mai taimako, a kuma roƙi a liƙa sanarwa da Hausa a ƙofar ɗakin gaggawa. Da yawa daga cikin 'yan sanda da ma'aikatan jinya 'ya'yanmu ne, suna zaune tare da mu ran Lahadi, wasu kuma maƙwabtanmu ne masu zuwa masallaci ran Juma'a. Su ma tsoron manyansu suke ji, sanin dokar zai sauke musu kaya.

Daga ƙarshe, in wani a cikinmu ya ɗauki mai rauni ya kai asibiti, kada a bari abin ya wuce shiru. A ambace shi a sanarwar sujada, a mayar masa da kuɗin mansa, in kuma an kira shi caji ofis dattawa biyu su raka shi su zauna har a sallame shi. Yaran da ke zaune a benci na gaba suna kallo, daga nan ne za su koyi abin da za su yi ranar da su ma suka tarar da mutum kwance a hanyar Bakori. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu zuciyar tsayawa, ya kiyaye matafiya da manoma, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.